Guzurin Ƙwaya da Abincin Tsiro

A watan Afrilu, sa'ad da bazara ta kai matuƙa, ba abin da a ke gani a filayen Sabon Gari na birnin Sakkwato sai rairayi da ƙura. Gindin katanga a bushe, bakin hanya a bushe, akuya ta yi ta zagawa ba ta sami abin tsinka ba. Baƙon da bai san ƙasar ba sai ya ce har abada ba abin da zai fito a nan. Amma ran da aka yi ruwa mai ƙarfi, kafin kwana 4 ko 5 sai wurin ya yi kore shar. Ga ciyawa a bakin hanya, ga tafasa da rai-ɗore a juji, ga gero ɗai ɗai ya ɓullo inda wata mace ta sheƙe hatsi da rani. Ba wanda ya zo da dare ya dasa su. Tun tuni 'ya'yansu suna nan kwance cikin ƙasa, ana taka su, rana tana dukansu, suna jiran ruwa.

To, mene ne ke cikin ƙwaya har ta ke iya wannan jira? In kuwa ta tsira, me ta ke ci har ta zama kara mai tsawon da ya fi na mutum? Amsar ta shafi kowa, gama tuwon da a ke ci a kowane gida, da furar da a ke sha, daga nan su ke fitowa.

Abin da ke cikin ƙwaya

A sami farin wake manya, a jiƙa shi ya kwana cikin ruwa. Da safe za a tarar ya kumbura, fatarsa ta yi laushi. A gefe guda akwai ido, watau tabon wurin da ƙwayar ta ke manne da kwasfarta tun tana jikin uwa. Dab da idon akwai wata 'yar ƙofa wadda ba ta kai bakin allura ba. In aka matsa waken a hankali sai a ga ɗan ɗigon ruwa ya ɓullo ta nan.

In aka zare fatar, waken ya kan rabu biyu. A buɗe shi sannu sannu, a duba tsakani. Can gefe za a ga wani ɗan abu fari a maƙale: yana da 'yar saiwa mai tsini, da ganye biyu ƙanana a naɗe. Wannan shi ne ɗan tsiro, an riga an halicce shi sarai tun yana cikin kwasfa, barci kawai ya ke yi. Manyan ɓari biyun nan kuwa da suka rufe shi, su ne guzurinsa. Uwar ba za ta iya bin ɗanta ta ciyad da shi ba, kamar yadda akuya ke shayad da nata, saboda haka sai ta ɗaure masa abinci a jiki, kāna ta sallame shi.

Gero da dawa da masara da shinkafa ba su rabuwa biyu kamar wake. Ɗan tsironsu yana lafe a gefe ɗaya wajen gindin ƙwayar, sauran ƙwayar duka gari ne. Ashe garin da a ke tuƙa tuwo da shi guzurin ɗan tsiro ne, dusar da a ke ba dabbobi kuwa rigarsa ce. Gyaɗa da riɗi yawancin guzurinsu mai ne, shi ne wanda mata ke matsewa in suna yin ƙuli-ƙuli.

Busasshiyar ƙwaya ba matacciya ba ce. Tana da rai, tana ma numfashi, sai dai kaɗan kaɗan ƙwarai, don kada guzurin ya ƙare. Tsawon barcin nan ya bambanta. Ɗan dogon yaro, wanda jemagu ke yasarwa a gindin itatuwan Sakkwato, in ya yi 'yan makonni bai sami ƙasa mai laima ba, da wuya ya tsira. Irin albasa ba ya son ya wuce shekara guda a ajiye. Gero kuwa ya kan yi shekaru a rumbu, muddin ya bushe sosai, danshi da ƙwari ba su taɓa shi ba. Abin da ya fi waɗannan ban mamaki shi ne labarin wani ƙwallon dabino. Tsakanin 1963 da 1965 masu tonon kayan tarihi sun sami ƙwallayen dabino a kangon wani tsauni da a ke kira Masada, kusa da Tekun Gishiri a Gabas ta Tsakiya. Masana suka auna, suka ga sun yi shekara wajen 2,000. A 2005 aka shuka su, ɗaya ya tsira, ya zama itace.

Waɗansu 'ya'yan itatuwa rigarsu tauri gare ta kamar ƙaho, ruwa ba ya ratsa ta da sauƙi. Haka ɗan gawo ya ke, da na kuka, da na bagaruwar da majema ke jima fatar jar akuya da ita. Irin waɗannan su kan fi tsira in sun bi ta cikin akuya ko saniya, rigar ta ɗan ci, suka fita tare da taki. Masu renon itatuwa su kan kwaikwayi wannan, su kankare gefen ƙwayar, ko su jiƙa ta a ruwan zafi kafin su shuka.

Farkawa

Abu uku ƙwaya ke bukata kafin ta farka, kowane yaro kuwa yana iya gane su da kansa. A sami gwangwani 4, a sa wake 10 a kowanne. A na farko a shimfiɗa busasshen tsumma. A na biyu a shimfiɗa jiƙaƙƙe. A na uku a cika shi da ruwan da aka tafasa ya huce, a tsiyaya ɗan man gyaɗa a bisa don kada iska ta shiga. Na huɗu a sa masa jiƙaƙƙen tsumma kamar na biyu, amma a ajiye shi cikin firiji. Bayan kwana 4 a duba. Na farko yana nan yadda aka bar shi, na uku ya kumbura ya soma ruɓa, na huɗu ya jiƙa amma bai motsa ba. Na biyu kaɗai ya fid da saiwa, don shi kaɗai ya sami ruwa da iska da ɗumi gaba ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, ba a sa ƙasa a gwangwani na biyu ba, ba a sa taki ba, in ma an rufe shi cikin akwati mai duhu zai tsira. A kwanakin farko ɗan tsiro ba ruwansa da abincin waje. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ga yadda abin ke faruwa. Ruwa in ya shiga, sai ya ta da waɗansu sinadarai da ke cikin ƙwayar, su kama narkad da garin, suna mai da shi sukari, gama ɗan tsiro ba ya iya shan abinci sai narkakke. Wanda ya tauna geron da ya soma tsira zai ji ɗan zaƙi wanda babu shi ga busasshe. Waɗansu mata masu kunun zaƙi sun san haka tun kaka da kakanni: su kan jiƙa hatsi har ya yi tsiro, su shanya, su niƙa, su zuba cikin kunu.

Saiwa ce ke fara fitowa, kullum kuwa ƙasa ta ke nufa. Ko an kifa ƙwayar, saiwar za ta lanƙwasa ta yi ƙasa, kan tsiron ya lanƙwasa ya yi sama. Wake ya kan fito da wuyansa a tanƙware kamar ƙugiya, ya jawo ɓari biyun nan har bisa ƙasa, sa'an nan ya miƙe. Kwana kaɗan sai a ga sun yanƙwane sun faɗi, an shanye abin da ke ciki. Gero ya kan bar guzurinsa a ƙasa, ya aiko da ɗan tsinke mai kaifi ya huda rairayi, ganyen fari ya fito daga cikinsa. Giginya kuwa dabararta dabam ce. Ƙwallonta ya kan tura wani abu can cikin ƙasa, ya kwashe guzurin ya tara a ciki, ya yi watanni kafin ganye ya bayyana. Wannan shi ne murucin da a ke tonowa a dafa, ana tallansa a kasuwa. Mai cin muruci guzurin 'yar giginya ya ke ci.

Kwanakin hatsari

Guzuri ƙarewa ya ke yi. Ƙwayar gero 'yar ƙanƙanuwa ce, abin da ke cikinta ba ya ɗaukar ɗan tsiro sai 'yan kwanaki. Kafin ya ƙare, lalle ne saiwa ta kai ga laima, ganye kuma ya kai ga hasken rana. In ɗaya ya kasa, tsiron ya mutu. Kuma ƙwayar da ta farka ba ta komawa barci.

Don haka ne zurfin shuka ke da muhimmanci. Manomi in ya sara da sungumi, ya jefa iri, ya take da diddige, ba ya son ramin ya wuce inci guda ko biyu ga gero. In ya yi zurfi ainun, ɗan tsiron zai cinye guzurinsa a hanya, ya mutu cikin duhu. In kuwa iri ya tsaya a sarari, tsuntsaye da tururuwa su kwashe, ko rana ta busar da shi. Babbar ƙwaya kamar masara ko gyaɗa ta fi jure zurfi, don guzurinta ya fi yawa. Irin albasa baƙi ne ƙanana, shi ya sa masu lambu a fadamun Rima ba su binne shi da nisa, sai su yafa shi a fangali, su rufe da ƙasa kaɗan, su yi masa rumfar ciyawa.

Babban hatsarin kuwa a ƙasar Sakkwato shi ne ruwan farko. Ruwan da a ke samu a shekara bai cika wuce inci 25 zuwa 30 ba, yawancinsa kuma tsakanin Yuni da Satumba ya ke sauka. Wani lokaci a kan yi ruwa guda a watan Mayu, sa'an nan sama ta ɗauke har mako biyu ko uku. Manomi na so ya yi shuka da wuri, don geron da ya riga fita ya kan fi albarka. Waɗansu ma tun ba a yi ruwa ba su kan yi binne, watau su sa iri cikin busasshiyar ƙasa ya jira. In ruwan ya zo da ƙarfi, ya kuma ɗore, mai binne ya riga kowa. Amma in yayyafi aka yi, wanda ya isa ya ta da ƙwaya bai isa ya jiƙa ƙasa da zurfi ba, sai iri ya farka, saiwa ta fita neman ruwa ta tarad da busasshen rairayi, rana ta ƙone kan tsiron, iskar hadari kuma ta binne sauran da ƙura. Sai an sāke shuka, wani lokaci har sau uku. Kowace shuka kuwa hatsi ne aka ɗebo daga rumbu a daidai lokacin da rumbun ya yi ƙasa. A shekarun fari, kamar 1973 da 1984, gidaje da yawa a ƙasar Hausa sun rasa amfanin gona, sun kuma rasa irin da za su shuka baɗi. Saboda haka dattawan manoma ba su gaggawa. In aka yi ruwa su kan tona ƙasa da hannu su ga iyakar inda laima ta kai, kāna su ɗauki sungumi.

Ina abincin ke fitowa?

To, guzuri ya ƙare, ganye ya buɗe. Daga nan me tsiro ke ci? In aka tambayi mutum goma, tara za su ce ƙasa ya ke ci. Haka mutanen dā su ma suka zata, har wani likita mai suna Jan van Helmont, mutumin ƙasar da a ke kira Beljiyam yau, ya ce sai ya auna ya gani. Ya busad da ƙasa, ya auna laba 200, ya zuba a babbar tukunya. Ya dasa reshen wani itace mai nauyin laba 5, ya rufe bakin tukunyar don kada ƙura ta shiga, ya riƙa ba shi ruwa kaɗai. Bayan shekara 5 ya tumɓuke itacen ya auna, ya sami laba 169. Ya sāke busad da ƙasar ya auna, sai ya ga abin da ya ragu bai wuce oza 2 ba. Laba biyu da ɗan kai su ne kilo guda, oza 16 kuwa su ne laba. An buga labarin nan a 1648, bayan rasuwarsa.

Ashe itacen bai ci ƙasa ba. Van Helmont ya ce ruwa ne ya zama itace. Ya gano rabin gaskiya, sauran rabin kuwa yana cikin iskar da ke kewaye da shi, bai gan ta ba. A 1771 wani masani a Ingila, Joseph Priestley, ya kunna kyandir cikin kwalba a rufe har ya mutu don kansa. Ya sa reshen na'ana'a a cikin kwalbar, bayan kwana 10 ya ga kyandir na iya ci a ciki kuma. Watau ganyen ya gyara iskar da wuta ta ɓata. A 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa ganye ba ya wannan aiki sai da haske, kuma koren sashen tsiro kaɗai ke yinsa.

Ga abin da aka sani yanzu. Ganye shi ne madafar tsiro. A jikinsa, musamman ta ƙarƙashi, akwai ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girman abu. Ta nan wata iska ke shiga wadda a ke kira kabon-dayoksaid, ita ce wadda mutum da dabba ke fitarwa in sun yi numfashi, wuta ma tana fid da ita. Kaɗan ce ƙwarai cikin sararin sama, wajen kashi 4 cikin 10,000, amma ta isa. Saiwa kuma ta aiko da ruwa ta cikin kara har zuwa jijiyoyin ganye. Koren launin ganye, wanda masana ke kira kulorofil, shi ke kama hasken rana, da ƙarfin hasken nan ne a ke haɗa ruwa da iskar su zama sukari. Abin da ya saura shi ne iskar oksijin, wadda ganye ke saki, mutane da dabbobi su shaƙa su rayu. Da sukarin nan tsiro ke gina saiwa da kara da fure da 'ya'ya, da shi kuma ya ke samun ƙarfi, gama shi ma yana numfashi dare da rana.

Wanda ke son shaida ya dubi gawayin da a ke sayarwa a bakin titi. Baƙin abin nan da ya saura bayan an gasa itace, daga iska itacen ya tattaro shi, kaɗan kaɗan, shekara da shekaru. Ko kuwa a kifa kwano bisa ciyawa a bar shi mako guda. In aka ɗaga za a tarar ta yi fari fat, ta yi tsawo ba ƙarfi, yunwa ta kama ta alhali saiwarta na cikin ƙasa mai taki.

Daga nan a ke gane dalilin ayyukan gona da yawa. Manomi ya kan jefa gero da yawa a rami guda don tsoron asara, amma in sun fito sai ya rage, ya bar 2 ko 3. Yaro na iya ganin ɓarna ce, amma in aka bar su duka, kowanne zai tare wa ɗan'uwansa haske, su tashi sirara ba zangarniyar kirki. Noman fari ma haka ne: ciyawa ta fi gero saurin tashi, in ba a nome ta da wuri ba sai ta rufe shi da inuwa, ta kuma shanye masa ruwa.

Aikin saiwa

Ko da ya ke tsiro ba ya cin ƙasa, oza biyun nan da suka ɓace daga tukunyar van Helmont ba abin rainawa ba ne. Cikin ƙasa akwai waɗansu gishirai da ke narkewa a ruwa, tsiro na shansu tare da ruwan. Kaɗan ya ke bukata, kamar yadda tukunyar miya ke bukatar gishiri kaɗan, amma in babu su ba ya yin kirki.

In aka dubi saiwar waken da ya tsira a tsumma, za a ga wani farin gashi lallausa kusa da bakinta. Gashin nan shi ke shan ruwa, yana ratsawa tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Ba shi da ƙwari ko kaɗan. Shi ya sa albasa ko tumatir ke yin yaushi in an cire su daga fangali an dasa, gama gashin ya tsittsinke, sai sabo ya fito su ke farfaɗowa. Masu lambu sun fi son dashe da la'asar, su kuma ba da ruwa nan da nan. Yawancin ruwan da saiwa ke sha ba ya zama a jikin tsiro. Fiye da kashi 9 cikin 10 ta ƙofofin ganye ya ke fita ya bi iska, fitar nan kuwa ita ke jawo wani daga ƙasa, tana kuma sanyaya ganyen. In aka ɗaura leda a reshen dogon yaro da hantsi, kafin azahar za a ga ruwa ya taru a ciki.

Gishiran da tsiro ya fi bukata uku ne, su ne haruffan nan N da P da K da a ke gani a jikin buhun takin zamani. Na farko, naitirojin, shi ke sa ganye ya yi kore ya yi faɗi, in ya yi ƙaranci sai ganyen ƙasa su yi rawaya, tsiron ya tsumbure. Na biyu, fosfaras, na saiwa ne da ƙwaya, jigawar ƙasar Hausa kuwa tana da ƙarancinsa ƙwarai, ko da ya ke a wajen Dange da Shuni, kudu da Sakkwato, akwai duwatsu masu ɗauke da shi. Na uku, fotasiyam, yana ƙarfafa kara, akwai shi da yawa cikin toka.

Kowace kaka, in aka kwashe dammunan gero da karansa aka kai gida, an kwashe gishiran nan ke nan daga gona. In ba a mayar ba, gona ta gaji. Fadamun Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato su kan sami sabon laka in ruwa ya yi ambaliya, amma jigawa ba mai kawo mata sai mai ita. Wannan ne ya sa tun zamanin dā manoman kewayen birni ke ɗora mangala a kan jaki da rani, suna kai takin gida da toka gona, suna kuma roƙon Fulani su kwana da shanu a gonakinsu bayan girbi. Takin gida ya fi na zamani da abu guda: yana sa rairayi ya riƙe ruwa. Na zamani kuwa ƙarfi gare shi, in ya yi yawa, ko ya taɓa ƙwaya cikin ƙasa mai ƙarancin laima, sai ya janye ruwa daga saiwa ya ƙone ta. Masana aikin gona a Sadore, kusa da Yamai a ƙasar Nijar, sun nuna cewa ɗan abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, in aka sa shi a kowane ramin gero, ya kan ƙara amfani sosai, ga shi kuwa talaka na iya sayensa.

Akwai kuma tsire-tsire masu yin nasu taki. A tumɓuke wake mai lafiya, a wanke saiwarsa, za a ga waɗansu ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa a jikinta. Ba cuta ba ce. In aka fasa guda aka ga cikinsa ja-ja, to yana aiki. Cikinsa akwai ƙananan halittu da a ke kira bakteriya, waɗanda ke kama naitirojin daga iska su ba waken, shi kuma ya ba su sukari. Kusan kashi 4 cikin 5 na iska naitirojin ne, amma gero ba ya iya taɓa shi. Masana biyu na ƙasar Jamus ne suka bayyana wannan a 1886, manoman Hausa kuwa sun daɗe suna shuka wake tsakanin gero tun ba a san dalilin ba. Gyaɗa ma haka ta ke, gawo ma danginsu ne. Gawo yana da wata ɗabi'a wadda ta sa ya zama abokin manomi: da damina ya ke kaɗe ganyensa, ya bar wa gero haske, da rani kuma ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su bar taki. Geron gindin gawo ya kan fi na sauran gona kyau.

Ɓarawon gona

Ba kowane tsiro ke neman abincinsa da kansa ba. Kauci a reshen itace ya ke zama, yana shan ruwan mai masaukinsa. Amma wanda ya fi cutar manomi shi ne ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. 'Ya'yansa kamar ƙura su ke, tsiro guda na iya zub da dubbai masu yawa, su kuma yi shekara 10 ko fiye cikin ƙasa suna jira. Guzurinsu kaɗan ne ainun, saboda haka ruwa da iska da ɗumi ba su ishe su farkawa ba, sai sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Da sun ji sai su tsira, su cusa bakinsu cikin saiwar, su yi ta tsotson ruwa da abinci. Ƙuduji ya kan yi makonni a ɓoye yana wannan sata. Kafin kyakkyawan furensa mai ruwan hoda ya bayyana, dawar ta riga ta tsumbure.

Ya fi yawa a gonar da ta gaji, saboda haka taki maganinsa ne. Wani maganin kuma shi ne a yaudare shi. Saiwar gyaɗa da auduga da waken suya su ma suna ta da shi daga barci, amma ba ya iya kama su, sai ya cinye ɗan guzurinsa ya mutu. Wanda ya fito kuwa a tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba, a tara a ƙone, kada a yar a kunya.

Iri na baɗi

Tsiro in ya girma ya kan yi abinci fiye da bukatarsa ta yau, sai ya yi ajiya. Rogo da dankali a saiwa su ke tarawa, rake a kara. Albasa a gindin ganyenta ta ke tarawa, kunnuwan nan da a ke ɓarewa ɗaya bayan ɗaya gindin ganye ne da suka kumbura. In aka mai da kan albasa ƙasa, da ajiyar nan ta ke fid da fure ta yi iri. Gero kuwa, in ya yi kwana 70 zuwa 90, ya kan kwashe abin da ganyensa suka dafa ya kai zangarniya, ya ɗura wa 'ya'ya dubu ko fiye guzuri, sa'an nan karan ya bushe.

Manomi mai hankali tun a gona ya ke zaɓen iri. Ya kan bi ya yanke zangarniyoyi masu tsawo, cikakku, marasa cuta, ya ɗaure su dabam, ya ajiye inda danshi da ɓera ba su kai, ko yunwa ta matsa ba a taɓa su. Kafin damina kuma yana da kyau a gwada irin, ko na gida ne ko na kasuwa. A ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera su a jiƙaƙƙen tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana 5 a warware a ƙirga waɗanda suka fid da saiwa. In sun kai 80 ko 90, irin na da kyau. In wajen 60 ne, sai a ƙara yawan abin da a ke jefawa a rami. In kuwa ba su kai rabi ba, a kai shi turmi, a nemi wani tun hadari bai taso ba.